Yayata da Ɗan Farinta a Bakin Jirgi

Yayata, Allah ya jiƙanta, ta daɗe tana ɗinka wa sojojin Amurka kaya tun kafin ɗanta ya shiga cikinsu. Wurin aikinta yana cikin tsohon sansanin sojan ruwa da ke bakin kogi a Brooklyn. Kullum da asuba take barin gidanmu na Highbridge a Bronx, ta gangara tudun nan mai cin gwiwa, ta shiga jirgin ƙasa, ta canza wani, ta ƙarasa a bas. Ni kuwa aikin kula da tsofaffi nake yi gida-gida. Tare muke zaune tun da mijinta ya rasu, ni da ita da 'ya'yanta uku, namiji babba da ƙannensa mata.

Tsofaffin ma'aikatan sansanin kan ce a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu a nan ake ƙera manyan jiragen yaƙi, ba dare ba rana, har da mata a cikin maƙeran. Daga baya soja suka tattara nasu ya nasu suka bar wurin. Sanda Yaya ta fara aiki rabinsa kango ne, tagogi a farfashe, ciyawa ta fito ta tsakanin duwatsun hanya. A gaban idonta ya sake farfaɗowa. Aka gyara rumfunan, masu ɗinki da kafintoci da masu shirya fim suka cika su, har wasu suka yi gonar kayan miya a kan rufin bene. Yaya ta ce mutanen nan ba abin da ba za su yi ba, ga ƙasa a ƙasa amma sai sun hau sama sun shuka alayyahu. Abin da bai canza ba shi ne manyan ramukan da ake shigar da jirgi, a janye ruwa, a gyara masa ciki.

A bakin ramukan nan ɗanta ya kamu da son jirgi. Yana ƙarami nakan kai shi idan an yi hutun makaranta, mu jira ta tashi daga aiki mu dawo tare. Zai manna fuska a jikin wayar shinge ya yi ta kallon jirgi tsaye a kan busasshiyar ƙasa, mutane a ƙarƙashinsa kamar tururuwa. Idan Yaya ta fito, hannuna yake riƙewa. Ita takan wuce gaba da jakarta, ko waiwaye babu.

Yaya ba ta ƙi ɗanta ba, kada wani ya ɗauka haka. Ɗan fari ne, kuma ita 'yar mahaifiyarmu ce ta gaske. A gidanmu na Kano uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ya dame ta. Akwai kaka, akwai gwaggo, akwai ƙannen uwa, su ne za su ɗauka su yi ta lallashi, yaro ya tashi cikin hannuwa da yawa bai ma lura akwai hannun da aka janye ba. Yaya ta ɗauko kunyar nan cif-cif ta kawo Bronx, ta manta ba ta taho da kakar da gwaggon ba. Ni kaɗai ce, ni ma rabin rana ina gidan wata tsohuwa ina dafa mata shayi. Idan za ta yi maganarsa sai ta ce “yaron nan” ko “ɗan naki”. Ƙannensa kuwa a cinyarta suka girma, tana tsefe musu kai tana yi musu waƙa, shi yana gefe da littafinsa yana kallo.

Ni na san abin da bai sani ba. Na san wadda take tashi ta taɓa goshinsa idan yana zazzaɓi bayan ya yi barci. Na san dalilin da ya sa tsokar da ta fi kyau take faɗawa kwanonsa kullum, kamar da kanta ta yi tsalle. Na sha gaya masa. Sai ya yi murmushi ya ce, “Anti, ke dai kina so ki yi covering ɗinta ne.”

Da ya gama sakandare ya ce sojan ruwa zai shiga. Na yi faɗa, na yi kuka, na kira shi mai kunnen ƙashi. Yaya tana tsintar shinkafa, ba ta ɗago ba ta ce, “Allah ya sa alheri.” Ya tsaya yana jira ko akwai saura. Babu saura.

Bayan horo aka tura shi babban sansanin da ke gaɓar teku a Virginia, aka sa shi a ɗaya daga jiragen nan masu ɗaukar jiragen sama a bayansu. A jirgin nan ɗaya akwai 'yar maƙwabciyarmu, wata Hajiya 'yar zangon Kumasi da ke hawa na ƙasa da mu, mace mai murya kamar lasifika da zuciya mai kyau. Ranar da jirgin zai tashi tafiyarsa ta farko, ta wata da watanni, Hajiya ta tafi rakiya. Yaya ta ƙi. Ana gobe tafiyar ta yini tana dakan dambun nama, ta ƙulla, ta miƙo mini ta ce, “Ki ba Hajiya ta kai wa ɗan naki.” Tun daga ranar, duk sanda aka nuna teku a labarai sai ta ƙara muryar talabijin, ta ce wai kunnenta ne ya fara nauyi.

Da dawowarsu ta matso ya kira ni. Muryarsa ta zama ta manya. Ya ce, “Anti, ina so Mama ta zo homecoming ɗin nan. Kowa mamansa tana zuwa. Please ki sa ta zo.” Bai taɓa roƙon komai daga wajenta ba, ko takalmi.

Na sha wahala kafin ta yarda. Ta ce me mutane za su ce, uwa ta kwashi ƙafa ta tafi tarar ɗan fari. Na ce, “Yaya, waɗanne mutane? Nan Fagge ce? Wa ya san ki a Virginia?” Ta harare ni. Amma da safiyar tafiyar na same ta ta riga ni shiri, ta sa leshinta mai ruwan toka da take ajiye wa Sallah.

Mu uku muka shiga bas daga Manhattan, har da Hajiyar Kumasi da wani ƙaton kwali da ta rubuta sunan 'yarta a jiki da jan fenti. Tafiya ce mai nisa, ta ci mana yini.

Ni da na ɗauka na san sansanin sojan ruwa saboda na Brooklyn, sai na ga ashe gawarsa na sani. Wannan mai rai ne. Gari ne guda a bayan shinge, da titunansa da kantunansa da asibitinsa da wuraren ibada. Garin da ke waje ma da shi yake numfashi: mai aski, mai wanki, mai sayar da mota, kowa da hoton jirgi a ƙofar shagonsa. Direban tasin da ya ɗauke mu ya ce idan manyan jiragen suka fita kasuwa takan mutu, idan suka dawo har mai sayar da fure sai ya yi sabon takalmi. Aka duba takardunmu a ƙofa, aka sa mu a wata motar zuwa bakin ruwa. Jirage masu launin toka a jere, wani bayan wani, iya ganinka. Yaya ta bi su da kallo, can ta ce, “Ashe nan kayan da nake ɗinkawa suke zuwa.”

Dandamalin da jirgin zai tsaya ya cika maƙil. Ga masu kiɗan badujala, ga balan-balan, ga mata riƙe da jariran da ubanninsu ba su taɓa gani ba. Da jirgin ya kunno kai sai wurin ya kaure da ihu. Bene ne yake tafiya a kan ruwa. Sojojin sun jeru a gefensa cikin fararen kaya, ba mai motsi. Hajiya ta ɗaga kwalinta tana tsalle da jikin nan nata. Na dubi Yaya. Leɓenta yana motsi, idonta yana bin layin fararen kayan ɗaya bayan ɗaya, hannunta ya damƙe gefen mayafi har jijiyoyin sun fito.

An daɗe kafin su fara saukowa. 'Yar Hajiya ce ta riga fitowa. Hajiya ta yar da kwalin ta kwasa a guje tana cewa, “Ei! Yaro na ya zo! Yaro na ya zo!” Su mutanen zango ba ruwansu da mace ko namiji a magana. Ta rungume ta suka kusa faɗuwa.

Sai ga shi. Ya ƙara tsawo, ya yi baƙi, jaka a kafaɗa, abokansa biyu a bayansa. Ya hango mu. Wallahi na ga fuskarsa ta koma ta yaron nan na bakin waya a Brooklyn. Ya ajiye jakar a ƙasa, ya taho da sauri, ya buɗe hannuwa biyu, ya nufi uwarsa.

Yaya ta ja da baya. Ta sunkuyar da kai, ta kawar da fuska gefe, ta ce, “Sannu da hanya. An dawo lafiya?” Sannan ta sa hannu a bayana ta tura ni gaba.

Ya tsaya da hannuwansa a buɗe, a tsakiyar mutanen da kowa ke rungume da nasa. Abokansa suka dubi ƙasa. Na faɗa jikinsa na riƙe shi da duk ƙarfina, ina surutu, ina cewa ka rame, ba sa ba ku abinci ne, don dai in cike wurin. Jikinsa ya sandare kamar itace. Ta saman kaina ya ce, “Lafiya lau, Mama.”

Da yamma ya kai mu gidan cin abinci, ya yi mana hidima yadda ya kamata. Da Yaya ta tashi wanke hannu na fara yi masa bayani. Ya ɗaga hannu ya ce, “Anti, na sani. Al'ada ce. Tun ina yaro kike gaya mini. I know. Amma sau ɗaya fa na roƙa.” Gaskiyarsa ce kuwa.

A bas ɗin dawowa na sauke mata kwandon faɗa. Ban taɓa ɗaga wa Yaya murya ba sai ranar. Na ce kin kunyata yaro a gaban abokansa, kin taso tun daga New York don ki ce masa sannu da hanya kamar wani baƙon maƙwabta. Sai da muka yi nisa ta ce, a hankali, “Na so in ɗaga hannun. Ya ƙi ɗaguwa.” Daga nan ta juya wajen taga, ni kuma haushina ya koma tausayi, na rasa inda zan sa kaina.

Bayan haka kiransa ya ragu. Idan ya kira, ni yake kira, gajeriyar gaisuwa, aiki ya yi yawa, a gaida Mama. Hutunsa ma bai zo gida ba. Da shekara ta zagayo Hajiya ta ce jirgin ya sake fita da 'yarta, muka ce to, shi ma ya tafi ke nan. Da na tambaye shi a waya ko suna cikin teku, ya ce, “Ina wurin aiki, Anti,” ban kuma ja maganar ba.

Wata Lahadi ina yanka kuɓewa a kicin, 'yan matan sun fita, Yaya ta shigo ta tsaya a kaina. Ta daɗe tana gyara murfin tukunyar da ba abin da ya same shi. Can ta ce, “Ke. Wai yaya suke yi ne?”

Na ce, “Suke yin me?”

Ta ce, “Abin nan. Da Hajiya ta yi wa 'yarta.”

Na ajiye wuƙar. Dariya ta taso mini, kuka ya biyo ta, na haɗiye duka biyun. Na ce, “Ba kya rungumar 'yan matan ne?” Ta ce wannan daban, su yara ne, kuma su suke faɗo mata. Ba ta taɓa tarar babban mutum tsaye ta buɗe masa hannu ba. Na goge hannuna a zani na ce to, ni ce shi, ga ni na sauko daga jirgi. Na je bakin ƙofa na taho.

Karon farko ta ja da baya, ni ƙanwarta ma. Karo na biyu ta tsaya, amma hannuwan suna manne a jiki kamar mai tsayuwar salla. Na kama su na ɗora a bayana. Ta riƙe ni a sandare, kanta can gefe, sannan ta fara bubbuga bayana a hankali kamar mai sa jariri gyatsa. Na ce, “Yaya, ba nono ya sha ba, soja ne.” Ta ture ni ta ce ba ni da mutunci. Muka yi dariya har da hawaye. Amma Lahadi ta gaba ta sake cewa in je bakin ƙofa in taho. Haka muka yi ta yi duk lokacin sanyin nan. Bubbugawar dai ba ta bari ba.

Ta ce kada a gaya masa. Tana so ya sauko kawai ya gan ta. Hajiya ta ce wannan mai sauƙi ne, za ta shigar da mu a matsayin baƙin 'yarta, ta gaya wa yarinyar ƙawayenta biyu za su rako ta.

Muka sake shiga bas ɗin nan. Sansanin ya canza a ɗan tsakanin. An yi sabuwar ƙofa, ana rushe wani tsohon dandamali ana gina mai tsawo a madadinsa, don ruwan teku ya fara hawowa yana shiga musu tituna. Ranar ma sai da motar ta ratsa ta cikin ruwa, alhali ko ɗigon sama ba a yi ba. Yaya ba ta kalli ko ɗaya ba. Ta kutsa cikin taron, ita da ba ta son turereniya, har ta kai gaba wajen igiyar da aka tare mutane da ita. Ta ba ni jakarta ta ce in riƙe, tana so hannunta ya zama babu komai.

Suka fara saukowa. Duk dogon baƙin yaro da ya fito sai ta ɗan matsa gaba, sannan ta koma. Masu jarirai suka tafi. Masu kiɗa suka naɗe kayansu. 'Yar Hajiya ta fito, uwarta ta yi ihunta ta gama, sannan yarinyar ta juyo ta gan mu. Murmushinta ya ɗauke.

Ta ce wa Yaya, “Mama, wa kuke jira?”

Ni na ce, “Ɗan'uwanki mana.”

Ta dubi uwarta, ta dube ni. Ta ce, “Anti, ai ba ya ship ɗin nan. Tun kafin mu tashi aka yi masa transfer, can Japan. Shi ya nema da kansa. I thought kun sani.”

Na kasa duban Yaya, sai na dubi hannuwanta. Suna nan a ɗan buɗe a gabanta, yadda ta shirya su. Yarinyar nan, Allah ya yi mata albarka, ta ajiye jakarta ta shiga tsakaninsu. Yaya ta riƙe ta. Ta riƙe 'yar mutane sosai, kanta a gefe, tana bubbuga bayan farar rigar, hawaye yana zuba a kan leshin. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba, ko a ranar mutuwar mahaifiyarmu.

Da muka dawo na kira shi. Ban gaishe shi ba. Na gaya masa komai, tun daga kuɓewar har bakin igiya. Can na ji yana jan hanci. Ya ce in ba ta wayar. Ta karɓa ta ce, “An yini lafiya? Ya aiki?” Shi ma ya ce lafiya. A waya ba abin da suka iya ce wa juna, abin da ke tsakaninsu ba na baki ba ne. Ya ce mini zai nemi hutu, da bazara zai zo, in gaya mata ta jira shi a filin jirgin sama. Na gaya mata. Ta ce, “Allah ya kai mu,” ta kuma aika leshin wajen wanki.

Bazarar ba ta same ta ba. Ta faɗi a kan keken ɗinkinta wata ranar Talata, kafin a kai ta asibiti rai ya yi halinsa. Daga inda yake zuwa New York tafiya ce ta fiye da yini, ga neman izini a wajen manyansa. Limaminmu ya ce ba a ajiye gawa, ni ma na san haka. Sanda ya iso har mun dawo daga maƙabarta.

Ya shigo gidan cike da mata masu zaman makoki, ya gaisa da kowa, ya karɓi gaisuwa. Da mutane suka ragu ya same ni a kicin ina wanke kofuna. Ya tsaya ya dubi wurin, ɗan ƙaramin kicin da mutum biyu ba sa wucewa sai ɗaya ya karkace.

Ya ce, “A nan ne?”

Na ce, “A nan ne.”

Ya ce, “Anti, nuna mini yadda ta yi.”

Ya koma bakin ƙofa ya taho. Na sandare hannuwana yadda nata suke, na kawar da kaina gefe, na riƙe shi, na fara bubbuga bayansa a hankali. Ya sunkuyo, ƙaton soja, ya kifa fuskarsa a kafaɗata. Da na gaji na tsaya, ya ce in ci gaba.